Tamanin da Biyu

A Santiyago ta ƙasar Kuba, a hawan bayan kasuwa,
motar Evelio ta ja tsaki ta tsaya,
ta feso tururi kamar butar shayi.
Fasinja huɗu suka sauka suna zagin tudu.

Motar ta girme shi da shekara shida.
Gangar jikin daga Amurka, shuɗiya mai ɓawo,
injin daga wata motar burodi aka ciro,
lagireton na tarakta ne.
Fankar lantarki kuwa ƙanensa ya aiko daga Tampa,
cikin akwati, tsakanin wando da takalmi.

Da yamma bakuna suka taru a kan bonet.
Osmani mai walda ya ce, cire tamostan nan ka yar,
ƙasar da rana ke soya ƙwai a kan kwano
me za ta yi da ƙofa a hanyar ruwa?
Evelio bai tanka ba. Ya taɓa cirewa.
Injin ya riƙa kwana da sanyi, ya tashi da sanyi,
mai na tafiya kamar ana zuba shi a rariya,
baƙin mai ya yi fari-fari, madarar da ta tsinke,
kuma a kan tudun nan dai
tafasar da ya gudu ita ya tarar tana jiransa.
Ashe ƙofar ƙasa take tsarewa, sama ba ruwanta.

Idalmis ce ta gaji da musun.
Shekara talatin tana jinya a ɗakin yara,
ta san zafi da tafin hannu kafin ma'auni ya faɗa.
Ta juye waken da ta jiƙa, ta ɗauraye tukunya,
ta rataya tamosta uku a waya
kamar kifin da za a banda,
ta tsoma ma'auni, ta kunna wuta.

Na farko ya buɗe baki a saba'in da ɗaya,
mai garaje, tun ruwa bai fara motsi ba.
Na uku ya dafe, ya yi taurin kai har kusan casa'in.
Na tsakiya, a tamanin da biyu,
ya ɗaga leɓe a hankali
kamar yaron da ya yarda zai sha magani.

Wannan, in ji ta.
Jikin da ya yi sanyi ma ba lafiya gare shi ba.

To fanka fa? Evelio ya ce ita ma tamanin da biyu,
lamba ɗaya, hankali kwance.
Ta kalle shi ta saman tabarau.
Ka tashe ta lokacin da ƙofa ke buɗewa,
yaushe za ta kwanta?
Za ta yini tana ihu, ta tsotse batir,
ranar da kake bukatarta ta riga ta mutu.
Bar ruwa ya zaga ya yi nasa tukuna.
Casa'in da uku ta tashi. Tamanin da bakwai ta huta.
Ya ɗauki alli ya rubuta a bangon gareji
ƙasan lambar wayar mai taya.

Washegari, tsakar rana, tudun nan,
babbar mota ta tare gaba, ba gaba ba baya.
Allura ta fara hawa.
Tamanin da takwas. Casa'in.
Gumi ya gangaro masa cikin ido, bai share ba.
Casa'in da biyu, hannunsa ya kai kan makulli,
sai can ƙarƙashin bonet
wani gurnani ya tashi, ƙasa-ƙasa.
Allura ta tsaya. Ta yi tunani. Ta sunkuya.
Jim kaɗan fankar ta yi shiru da kanta.

Wata mata riƙe da kaza a kujerar baya
ta tambaye shi me yake wa dariya.

Da dare waken ya ɗan yi ƙarnin tsatsa.
Ya cinye, ya miƙa kwano a ƙara masa.