Ɗakin da Aka Gina Don Ya Ruɓe

A bakin kududdufin kuza na Bukuru,
inda aka kwashe hanjin ƙasa aka bar mana fatar,
na dasa maɗaci ɗari da arba'in.
Kowanne na zura masa rigar roba,
doguwa, koriya, kamar bututun famfo.

Shekara huɗu, itatuwa suka yi wuya.
Robar ta tsage, amma ta ƙi mutuwa.
Rana ta farfasa ta, iska ta raba gado:
kashi a gonar dankalin Davou,
kashi a rafi,
kashi a tumbin akuyar Tabawa,
wadda mahauci ya farke a Kugiya
ya ɗago mini aikina a tafin hannunsa.

Tun ranar nake neman ɗakin da ya san lokacin tafiya.

Na naɗa kwali, ƙanƙarar farkon damina ta mai da shi fate.
Na kafa karan dawa, gara ta yi biki kafin a yi noman fari.
Na saƙa tattakar acca, ta yi kyau kamar malafa,
awaki suka cinye ɗakin,
suka kora da mai ɗakin.
Yara na bi na da ihu:
ga Baba Sallau mai dafa wa awaki gwate!

Ngo Kachollom, mai saƙar kwando a Gyel,
ta juya kayana da ƙafa, ta yi tsaki.
"Ka cika awo, malam.
Tsago mini gora siririya,
jiƙo mini rama kwana tara."
Tana saƙa ba ta ko duban hannunta,
tana ba ni labarin ciwon gwiwa da tsadar gishiri.
Ta bar 'yan ƙofofi, wai iska ma baƙuwa ce mai rabo,
ta yaɓe gindin da laka da kashin shanu.
Akuya ta zo, ta sansana,
ta yi atishawa, ta wuce.

Na ce, "Ngo, damina nawa zai kai?"
Ta ce, "Uku. In ya kai biyar na cuce ka.
Ka taɓa ganin an goya mai gemu?
Zanin goyo, in yaro ya taka,
tsumma ake yi da shi."

Bana ta ukun ta sauka.
Ngo ba ta ga ƙarshenta ba,
a watan takwas muka raka ta, cikin yayyafi.

Jiya na koma bakin kududdufin.
Ramar ta saki, gorar ta durƙusa,
gara na kwasa a hankali, ban kore ta ba.
Na tura yatsa inda ɗakin yake:
baƙar ƙasa mai sanyi, da tana guda biyu.
Maɗacin ya ɗara ni da kamu ɗaya.
Kanari ya sauka, reshen bai ko rusuna ba.

Na zauna na jawo gorata.
Saura sittin kafin ruwa ya dawo,
kuma har yau ƙofofina sun fi nata faɗi.