Amsa-kuwwa a Wadi Disa

Bayan sallar asuba muka bar Madina,
kai da motarka mai tarin tsufa,
ni da kwandon dabino, filas biyu na shayi,
da yajin da yayata ta aiko daga Jidda.
Ka ce, "Yau shekara ashirin da bakwai,
zo in kai ki inda duwatsu suka rabu."
Na ce, "Ka dai duba taya."
Ba ka duba ba.

Hanya ta miƙe kamar zaren da ka saba ja
daga bakin kekenka na ɗinki.
Raƙuma uku suka tsaya a tsakiyar kwalta
suna kallonmu kamar mun zo biyan bashi.
Ka yi musu sallama. Na yi dariya.
Rabon da in yi irin wannan dariyar
tun ranar da ka ƙona tuwo ina zazzaɓi.

Gaba da Ula taya ta fashe.
Ban ce komai ba, na dai zuba maka shayi,
shirun ya fi magana zafi, ka sani.
Ka durƙusa cikin rairayi, gwiwa tana ƙara,
na riƙe maka ƙusoshi biyar a tafin hannu,
na ga furfurar da ke bayan kunnenka
wadda madubi bai taɓa nuna maka ba.

La'asar sakaliya muka shiga ƙauyen Disa.
Wani yaro mai akuyoyi ya nuna da haɓa:
"Ku bi ruwan."
Ruwa? A nan?
Sai ga shi kuwa, siriri, yana rarrafe cikin kyauro,
duwatsu jajaye sun tashi hagu da dama
kamar an tsaga ƙasa da almakashi,
an manta ba a ɗinke ba.
Dabinai a gindinsu sun zama 'yan tsana.

Muka tuɓe takalma. Sanyi ya kama idon sawu.
Ka ce, "Ki yi kira, Rumasa'u, ki ji,
nan dutse yana amsawa."
Me zan kira?
Shekara ashirin da bakwai ina ce maka Malam,
ina ce maka kai, ina ce maka mai gida.
Uwata ba ta faɗi sunan ubana ba har ƙasa ta rufe ta.
Ni kuma ban samu ɗan da zan laƙaba maka ba,
ban taɓa cewa Baban Wane ba,
bakina bai san hanyar ba.

Na waiga. Babu kowa sai wani tsuntsu baƙi.
Na cika ƙirji, na saki:
"Ayuba!"

Dutsen dama ya karɓa, ya miƙa wa na hagu.
A hanya suka yar da farkon sunan,
abin da ya dawo mana shi ne:
"uba… uba… uba…"

Ka tsaya cak, ruwa yana wuce ƙafarka.
Duk asibitocin da muka zaga,
duk rubutun da na sha, duk zamzam,
duk rigunan suna da ka ɗinka wa 'ya'yan mutane
kana murmushi, allura a baki,
suka taru a idonka, suka zubo.

Ka ce, "Ƙara."
Na ƙara.
Har muryata ta dushe, har jan dutsen ya koma toka.

Da dare muka shimfiɗa darduma kusa da mota,
muka ci gurasa da yaji, shayi ya huce.
Ka ce gobe za ka duba taya.
Na ce, "Allah Ya sa, Ayuba,"
a hankali wannan karon,
yadda dutse ba zai ji ba.