Itace Uku, Baka Ɗaya

A Gummi, bayan rumbun kawu Tunau,
inda inuwar kanya ke kaiwa la'asar,
ya shimfiɗa buzu, ya ce in zauna.
Hannunsa rawa yake tun bara waccan,
kofin shayi ma sai ya haɗa biyu.
Ya ce: Ara mini naka, in ara maka ido,
mu ga ko mu biyun za mu yi mutum ɗaya.

Daga rufin madafa na sauko da su,
shekara biyu suna shan hayaƙin Inna Tumba:
gora, da dargaza, da tsagin ƙirya.
Gora a baya, ita ke son miƙa,
ƙirya a ciki, ta saba da matsi,
dargaza a tsakani tana sulhu.
Ba a kiran sunanta in ana yabo,
amma cire ta, ka ga an rabu a hanya.

Gizago ya ci, wuƙa ta bi sawu,
na fere har tafina ya yi bororo.
Ya haɗa tsagi biyu, ya ɗaga wa rana:
In haske ya ratsa, ba su yarda da juna ba.
Haske ya ratsa. Na koma.
Ya sake ratsawa.
Kwana huɗu ina korar rana
daga kafar da ba ta kai tsinken tsintsiya.

Danƙon kuwa, fatar sa muka dafa
da agara, a tsohon gwangwanin madara.
Wari ya kori yara har da awaki,
Inna ta rantse ba da tukunyarta ba.
Muka shafa da ɗumi, muka manne,
muka naɗe tam da robar keke
wadda kakanmu bai taɓa gani ba;
Tunau ya ce da ya gan ta, da ya yar da igiya.

Kwana arba'in, in ji shi.
A na tara na kwance cikin dare,
daga ni sai tocila da son gani.
Na sa gwiwa, na tanƙwara kaɗan.
Ƙas!
Kamar an taka busasshen kara.
Da safe bai zage ni ba.
Ya juya ɓarin, ya shinshina,
ya ce: Jiƙa wata fatar, akwai saura a rufi.
Na so a ce mari ya yi mini,
da ya fi sauƙin kwana a zuciya.

Na biyun ko kallonsa na ƙi yi
har mangwaro ya ƙare a kasuwa.
Muka ɗaura tsirkiya, na ja a hankali:
reshen sama ya rusuna, na ƙasa ya ƙi.
Na kai wuƙa ga wanda ya rusuna,
sandarsa ta sauka a wuyan hannuna.
Ba a taɓa mai rauni, yaro!
Mai taurin kai ake kankara,
kaɗan-kaɗan, kamar askin jariri,
har su biyun su ɗauki nauyi ɗaya.

Ganyen ɓaure ya share kaushi,
man kaɗe ya shiga, ƙiryar ta yi ja.
Barewa ta bar dajin nan tun ina goye,
kwarinsa ma gara ta cinye gindi,
ban tambaye shi me za mu harba ba.
Na ji kunya.

Na miƙa masa. Bai iya ja ba,
mun san da haka tun kafin mu fara.
Ya kara kunne, ya taɓa da babban yatsa,
ta yi gunji kamar zuma a kogon kuka.
Rawar hannunsa ta shige cikin tata,
na kasa gane wacce ce wacce.
Ya daɗe a haka.
Sannan ya ce: Na ƙasan da saura kaɗan.
Ɗauko wuƙar, rana da sauran tafiya.