Tsakar Dare a Rafindadi

Wayar gidanmu guda ce.
Da rana tana aljihun Mannir,
da yamma Goggo Ladidi na jin wa'azi,
sai dare ya raba take zama tawa.

Jiya na buɗe shafin sirri.
Mai malafa da tabarau ya tarbe ni,
bai tambayi ɗan wa ba ne.
Na rubuta sunan da likita ya faɗa,
wanda bakina ya ƙi ɗauka.
Na yi ta karatu har kiran assalatu.

Na rufe, ya share sawuna
kamar tsintsiya a tsakar gida.
Masu layi sun gani,
amma su ba dangina ba ne.

Da safe Goggo ta miƙo koko,
ta daɗe tana duban idona.
"Tukur, yaushe za ka gaya mini?"