Turken Farko

Ni mai awon ƙasa ne.
Ba ni da kujera a majalisar birni,
sai ma'auni mai ƙafa uku
da jakar turaku masu jan kai.

Shekara talatin garinmu na roƙon ƙungiyar besbol
kamar mai jiran bas a inda babu tasha.
Ubana kan tashe ni tun da duhu,
mu ci awa huɗu a kan kwalta
don mu tafa wa 'ya'yan wasu a garin wasu,
mu dawo rediyo na maimaita mana
abin da idonmu ya riga ya gani.
Ya rasu safar ƙwallonsa na ƙarƙashin gado,
fatarta duk ta dare don rashin mai.

Bana aka ce an ba mu.
Coci-coci suka kaɗa ƙararrawa,
direbobi suka danne ham,
Lemuel mai aski ya yi wa mutum goma kyauta.
Da ƙura ta lafa, tambaya ta zauna a tsakar gari:
to, a ina?

Wuri uku aka zagaye a taswira.
Tsohuwar tashar jirgin ƙasa,
ƙasarta ta sha baƙin mai har wuya, wankinta kuɗi ne.
Kangon kantuna can bayan gari,
masu hannun jari suka ce wa zai je?
Sai bakin kogi, Titin Kessler,
inda hoto ɗaya zai ɗauko gada da dogayen benaye.
Gidaje sittin da biyu, lauya ko ɗaya babu.
Inda shinge ya fi gajarta
nan akuya ke tsallakawa.

Wasan yana da ladabinsa:
ba a sa mai bugu ya fuskanci faɗuwar rana.
Na bi allurar kamfas, na ja igiya,
ƙafa casa'in, ƙafa casa'in,
tudun mai jifa ya faɗo a garejin wani,
kusurwa ta uku a gindin famfon kashe gobara.
Saura inda mai gudu ke tashi ya kewayo ya dawo,
wurin da 'yan wasa ke kira gida.

Ya faɗo a bayan kicin ɗin Odalys Marrero,
tsakanin tumatir da igiyar shanya.

Ta fito da cokali a hannu.
Ta ce, wannan turken na mene ne?
Na ce, nan ne gida.
Ta ce, na sani, yaro.
Shekara arba'in da ɗaya da sanina.

Ta ba ni gahawa mai ɗaci a ɗan kofi.
Mijinta bahago ne, ya yi jifa a tsibirinsu
kafin masana'antar gwangwani ta cinye masa kafaɗa.
Ta nuna kogi da cokalin:
daga Satumba iska ta can take tasowa,
duk ƙwallon da aka ɗaga hagu zai mutu a sama.
Zannuwan gado ne suka koya mata.
Injiniya bakwai sun zo sun wuce,
ba wanda ya tambaye ta.

Na rubuta a rahoto, shafi na sha tara,
ƙarƙashin "sauran bayanai".

Sannan na ɗaga guduma.
Ƙasar mai laushi ce, ta sha taki da ɓawon ƙwai,
bugu biyu turken ya shige.

Ba zan yi ƙarya ba:
ranar buɗewa zan sayi tikiti.
Na riga na shafa wa safar ubana mai,
ta fara lanƙwasuwa.
Zan zauna a sama can, wajen masu araha,
in an yi ihu ni ma in yi.

Jiya na bi ta titin da yamma.
An fara ɗaure akwatuna a gida na huɗu.
Ita kuwa ta ɗaure tumatir ɗinta a turkena
da tsohon ƙyallen riga,
ya yi huda biyu, rawaya.