Faifan Korar Tsuntsaye

A gonar gero na tsince shi,
yana ƙyalli a saman kara.
Yara ne suka rataye shi don korar jan-baki,
iska na juya shi a bakin igiya.

Rubutun jikinsa ya kusa gogewa:
"Nomau mai ganga, ranar gayya."
Ubana ke nan. Damina goma sha ɗaya da rufe shi,
ga shi yana gadin hatsi,
shiru, babu murya.

Ranar kasuwar Gujungu na kai shi
rumfar Ashiru mai turi,
inda janareto ke tari,
wayoyi sittin na shan caji a jere
kamar awaki a bakin rijiya.

Ya hura masa iska, ya goge da gefen riga.
"Baba, minti biyu."
Kwamfuta ta haɗiye, ta yi gurnani, ta tofo.
Ya miƙo min memori kamar farcen jinjiri,
na biya, na kama hanya.

Da dare na saka a waya.
Ganga ce, amma an farke mata ciki.
Saman na nan, ƙwas-ƙwas, kamar dukan gwangwani,
amma rugugin nan mai shiga ƙirji,
mai sa rago ya sunkuya ya rungumi garma,
ya tsiyaye kamar ruwa a fasasshiyar ƙwarya.

Inda yake kiran sunan kakana kuwa
sai ta yi tsalle.
Na'ura ta cike gurbin da abin da ta ga dama,
sumul, kamar yaɓe a kan tsagar bango.
Inna ta ce, "Kashe. Ba shi ba ne.
Gara shiru da ƙarya."

Kasuwa ta zagayo, na koma.
Ashiru ya sosa ƙeya:
"Matse shi na yi. Mutane waƙa dubu suke so
a memori ɗaya, ba ruwansu da abin da ya zube."
Na ce, "Yaro, wa ya taɓa juye buhu a tiya?"

Sai ya nemo ruwa da sabulu,
ya wanke faifan kamar mai wankan jariri,
yana shafa auduga a hankali,
ba zagaye ba, miƙe,
zuwa baki daga cibiya.

Ya ce wa na'ura ta bi sannu.
Ta karanta, ta koma, ta sake karantawa,
tana tono wuri ɗaya kamar kaza a juji.
"In karatu biyu suka zo daidai," in ji shi,
"shaidu biyu ke nan, alƙali ya yarda."
Masu caji na ta mita. Mai fura ta zo ta wuce.
Aka kira la'asar, layin allo bai kai ƙarshe ba,
kunkuru ma ya fi shi tafiya.

Wuri ɗaya ya gagara,
ɗan rami, ko bakin tsuntsu ne ko tsakuwa.
"Nan kam ba zan ƙirƙira ba, Baba.
Zan bar shi a yadda yake, rami,
iyakarta ke nan gaskiya."

Muka zauna a tsakar gida bayan isha.
Ganga ta taso daga ƙasa, ta bi ta tabarma.
Ga tarinsa tsakanin kirari da kirari,
ga ƙarfen garma na cin ƙasa,
ga wani zakara da aka cinye tuntuni,
can baya kuma wata na rangaɗa guɗa.
Inna ta rufe baki da mayafi:
"Ni ce. Ina da cikinka." Ta yi dariya.

Da aka zo kan ramin,
ganga ta ɗauke numfashi, ƙiftawar ido,
Inna ta faɗi sunan: "Ɗangwani."
Daidai kan kiɗa, ba gaba, ba baya.