Adakar Cindo

Jiya muka buɗe adakarka, Cindo,
ni da Tabawa, bayan sadakar bakwai.
Babu kuɗi. Dama ba mu sa rai ba.
Gemun rama biyu, ɗaya ɓera ya ci rabi,
tabarau marar gilashi,
kwat ɗin gwanjo da kake cusa wa filo
in za ka fito a Jami'in Taki,
sai littattafan 'yan firamare goma sha tara
ɗaure da tsumman atamfa.

Ni ne mai riƙe maka fitila.
Shekara ashirin da huɗu hannuna a sama
bisa amalanken Barau da muka mai da dandali,
ran kasuwar Auyo, in an watse da almuru.
Ban taɓa ganin wasanka ta gaba ba.
Ƙeyarka na sani, da gumin da ke bin ta,
da bakunan mutane a buɗe
kamar 'yan tsuntsaye a sheƙa.

Ka tuna tsohuwar nan, Iya Kande,
da ta hau amalanke da ludayi a hannu
ta shaƙe maka wuya: "Ina buhuna?
Tun bara na ba ka kuɗina!"
Ba ka cire tabarau ba.
Ka ce, "Iya, takinki na hanya, motar ce ta yi faci,"
fili ya ɗauki dariya, ita tana kuka.
Da asuba na gan ka a ƙofar gidanta
da biro da takarda, kana tambayar sunan wanda ya karɓa.
Sau tara ka je sakatariya a kan keken aro.
Rabin buhu aka ba ta.
Rabi dai.

Sun ce yatsanka na shida na rubutu ne.
Kai ka ce na nuni ne,
sauran biyar sun cika kunya.

Shekarar da kacalla ta toshe kogi,
ruwa ya bar hanyarsa ya kwana a gonakinmu,
jan baki ya cinye abin da ya rage,
ka ɗaura ciyawar a jiki tun daga wuya har idon sawu,
ka fito kana taƙama: "Ni ne sabon mai gari,
wa ya isa?"
Kwana uku bayan nan
maza ɗari biyu cikin ruwa da lauje,
matsattsaku na shan jininmu, muna yi maka tsiya.
Da ka tambayi kuɗin yashe kogi a bainar jama'a,
ka kwana huɗu a bayan kanta a Haɗeja,
ka dawo da sabon wasa a bayan takardar siminti.

Ba zan wanke ka tas ba.
Gonarka ta fi ta kowa ciyawa.
Tabawa ce ta riƙe gidan da ɗanwake,
ta san nauyin tafin da ake yi maka.
Har yau ina binka kuɗin kananzir.

'Yan fim sun kira ka birni, mako biyu ka dawo.
"So suke in faɗa kwata a yi dariya," in ji ka,
"ni kuwa kwatar nake so a gyara."

Littafi na sha tara bai cika ba.
Rubutun ya karkace, tari ya riga ya kama ka.
Shafi na ƙarshe babu magana,
sai umarni guda da jan biro:
"A nan mai fitila zai ajiye fitila,
ya zagayo gaba, ya faɗi nasa."

Cindo, wannan zalunci ne.
Kacalla ta dawo, ta fi da kauri.
Amalanken Barau na nan, ƙafa ɗaya a sace.
Ran kasuwa jibi ne.
Na gwada gemun a madubin Tabawa,
wanda ɓera ya ci rabi,
ta dube ni, ta kau da kai,
ta ce, "Bari in ɗinke maka shi tukuna."